DAGA BAKI ZUWA TAKARDA: YADDA AL'UMMA KE ADANA TARIHINTA

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya ne. Kowace al'umma tana da abin da za ta waiwaya ta gani: waɗanda suka sari gari, rijiyar da aka fara haƙawa, yaƙin da aka yi, yunwar da aka sha, da sulhun da ya kawo zaman lafiya. Amma tarihi ba ya adana kansa. In ba a sami masu riƙe shi ba, yakan bi tsofaffi zuwa kabari. Ɗalibi nawa ne a cikinmu zai iya faɗin wanda ya kafa ƙauyensu, ko ya bayyana dalilin da ya sa ake kiran Gumel da suna Lautai? Da yawa sun haddace shekarun yaƙe-yaƙen Turai domin jarrabawa, amma sunan kakan kakansu ya gagare su.

A wannan maƙala za mu duba yadda ƙasar Hausa da maƙwabtanta suka riƙe tarihinsu, tun daga na baka har zuwa na rubuce. Sa'an nan za mu leƙa wani tsibiri mai nisa da ake kira Aislan, inda wasu manoma da makiyaya 'yan kaɗan suka rubuta labarin kakanninsu shekaru ɗari takwas da suka wuce, har yau duniya tana karantawa. Daga ƙarshe za mu ga aikin da ya rage mana.

Tarihin baka a ƙasar Hausa

Kafin rubutu ya yaɗu, ƙwaƙwalwar mutane ita ce ma'ajiyar tarihi. Bahaushe ya bambanta tatsuniya da labari. Tatsuniya ta dare ce, kaka ke yi wa jikoki bayan an ci tuwo, kuma kowa ya san Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa rayuwa ba. Labari kuwa abin da aka ɗauka ya faru ne, manya ke ba da shi a zaure ko a gindin bishiya, kuma in mai bayarwa ya kauce, sai wani dattijo ya gyara masa.

A fada akwai waɗanda riƙe tarihi shi ne sana'arsu. Maroƙa da makaɗa da masu busa sukan jero sunayen sarakunan da suka shuɗe bi da bi, kowanne da kirarinsa. Kirari ba yabo ne kawai ba. Sau da yawa a cikin 'yan kalmominsa akan ɓoye sunan uwar sarki, ko garin da ya ci da yaƙi, ko halin da aka san shi da shi. Da yake ana rera shi da kiɗa, kuma ɗa yana gadonsa daga uba, kalmomin ba sa saurin sauyawa. Haka kuma mafarauta da mahauta da maƙera duk suna da nasu kirarin da nasu labarin asali.

Babban misali shi ne labarin Bayajida, baƙon da aka ce ya iso Daura ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri sarauniyar garin. Daga zuriyarsa ne aka ce an sami sarakunan Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Biram ɗin nan ita ce Garun Gabas da ke ƙasar Haɗeja, nan cikin Jihar Jigawa. Masana tarihi ba su ɗauki kowane sashe na labarin a matsayin abin da ya auku ba, amma sun yarda yana nuna yadda garuruwan nan suka ɗauki junansu 'yan'uwa.

Sai dai tarihin baka yana da rauni guda uku. Na farko, ba ya riƙe shekaru daidai. Na biyu, maroƙi yana cin abinci ne a hannun mai mulki, saboda haka yakan tuna nasara ya manta kaye. Na uku, annoba ko yaƙi ko ƙaura na iya tsinke zaren gaba ɗaya a cikin ƙarni guda.

Abin da aka sani game da Gumel

Masarautar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, Mangawa ne suka kafa ta wajen shekarar 1750, a ƙarƙashin Ɗan Juma. Ta yi mubaya'a ga Borno, ita take kai wa gaisuwa. Wannan ya bambanta ta da maƙwabtanta irin su Kano da Kazaure da Haɗeja, domin bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da aka fara a 1804, waɗannan sun shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato, amma Gumel ba ta shiga ba. Fadar sarki ta zauna a Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, kafin a dawo da ita Gumel a zamanin Sarki Muhammadu Ɗan Tanoma, wanda ya hau gadon sarauta a 1828. Ƙarni na 19 bai zo wa ƙasar da sauƙi ba. Tana tsakanin manyan ƙasashe masu ƙarfi, ta yi ta fama da Haɗeja ta gefe guda, da Damagaram ta wani gefen, har zuwan Turawan Ingila a 1903.

A watan Maris na 1851 wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya sauka a Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ya rubuta cewa garin yana bakin iyakar daular Borno ne, kuma babbar kasuwa ce ta kanwa, inda fatake ke saye su nufi kudu da ita har ƙasar Nufe. Da ya sake biyowa a kan hanyarsa ta komawa gida, sai ya tarar rikicin gadon sarauta da ya biyo bayan rasuwar Ɗan Tanoma ya yi wa garin ɓarna.

Abin lura a nan shi ne, baƙon da ya yi 'yan kwanaki kawai a garin, shi ne a yau ake ɗauko maganarsa a jami'o'in duniya in ana batun Gumel ta wancan zamani. Ba don ya fi 'yan gari sanin garinsu ba. Fatake da matan da ke cin kasuwar sun fi shi sani nesa ba kusa ba. Bambancin kawai shi ne shi ya rubuta, ya sa kwanan wata, aka buga littafinsa a 1857 da 1858.

Malamai da alƙalami

Kada mai karatu ya zaci sai da Turawa suka zo aka fara rubuta tarihi a wannan yanki. A Borno akwai jerin sunayen sarakunan gidan Saifawa da ake kira Diwan ko Girgam, wanda ya koma baya ɗaruruwan shekaru. A wajen 1576 zuwa 1578 limamin Ngazargamu, Ahmad ibn Furtu, ya rubuta littattafai biyu a kan yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma, yana faɗin abin da ya gani da idonsa da abin da aka ba shi labari. A Sakkwato kuma Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, wanda ya ba da labarin jihadi da na ƙasashen da ke kewaye.

Wanda ya fi shahara a ƙasar Hausa shi ne littafin Tarihin Kano. Da Larabci aka rubuta shi, marubucin kuma bai sa sunansa ba. Ya fara da mutanen Dutsen Dala da shugabansu Barbushe da bautar Tsumburbura, sa'an nan ya bi sarakuna 48 ɗaya bayan ɗaya, daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello wanda ya yi sarauta a ƙarshen ƙarni na 19. Kowane sarki an faɗi sunan uwarsa, da yawan shekarun da ya yi a kan gado, da jarumawansa, da sabon abin da ya shigo a zamaninsa. A nan ne muka ji Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Yaji, aka ji Kanajeji ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, aka ji labarin Amina ta Zazzau, da abubuwa goma sha biyu da Muhammadu Rumfa ya ƙago, cikinsu har da kasuwar Kurmi da gidan sarki da ake kira Gidan Rumfa.

Wani jami'in mulkin mallaka, H. R. Palmer, ya fassara littafin zuwa Turanci a 1908. Shi ne ya tara shekarun da kowane sarki ya yi, ya ƙirga da baya, ya sami 999 bayan haihuwar Almasihu a matsayin farkon sarautar Bagauda, da 1463 zuwa 1499 a matsayin zamanin Rumfa. Wato shekarun da muke haddacewa a aji lissafi ne aka yi, ba a cikin asalin littafin suke ba. Masana da dama suna ganin an harhaɗa littafin yadda muka san shi ne a shekarun 1880, daga tsofaffin jerin sunaye da waƙoƙi da kirari da bakin dattawan fada. Ke nan tarihin baka ne ya sami mai alƙalami kafin ya ɓace.

Rubutu a lokacin ba abu ne mai arha ba. Takarda daga Turai take zuwa, mafi yawa daga Italiya, ta ratso hamada a bayan raƙuma. Malami shi ke haɗa tawadarsa da gawayi da ƙaro, ya feƙe alƙalaminsa, ya adana ganyayyakin littafin cikin gafaka. Kowane kwafi da hannu ake juyar shi. Gara da ɗigar ruwan damina da gobara sun cinye da yawa.

Zuwan boko

Ɗaya daga cikin Hausawan farko da aka rubuta labarin rayuwarsu da bakinsu, ɗan wannan yanki ne. Sunansa Dorugu, an haife shi a ƙasar Damagaram wajen 1840. Mahara suka kama shi yana yaro suka sayar, abokin tafiyar Barth mai suna Overweg ya 'yanta shi, daga baya ya bi Barth har Ingila a 1855. A can wani ɗan mishan masanin harsuna, J. F. Schon, ya zaunar da shi yana ba da labari da Hausa, shi kuma yana rubutawa da haruffan boko. Labarin ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. A ciki Dorugu ya faɗi yadda ake noma a ƙauyensu, da yunwa, da ranar da aka raba shi da iyayensa, da abubuwan mamakin da ya gani a Turai. Ya dawo gida, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Littattafan fada suna ba da labarin sarakunan da suka kai hari. Dorugu ya ba da labarin yaron da harin ya faɗa wa.

Daga 1911 zuwa 1913 Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i uku, waɗanda malamai Hausawa suka rubuta masa da ajami. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. A wannan lokaci ne kuma Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin R. M. East, ta fito da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, inda aka juya Tarihin Kano zuwa Hausa. Gasar rubutu ta 1933 ta fito da Abubakar Imam, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta fara fita a 1939. Sai wata tsohuwa, Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga a 1954. Ta wurinta ne aka ji muryar mace a kan aure da kishi da ƙawance da zamanin bauta.

Mutanen Aislan da sagoginsu

Yanzu bari mu dubi wata al'umma da ta yi irin wannan aiki tun da wuri. Aislan tsibiri ne a arewacin Tekun Atlantika, ƙasar ƙanƙara da duwatsu masu aman wuta. Da hunturu rana takan fito na 'yan sa'o'i ne kawai. Hatsi ba ya yi sosai, saboda haka tumaki da shanu da kifi su ne abin dogaro, kuma arzikin magidanci shi ne yawan ciyawar da ya tara wa dabbobinsa kafin sanyi ya sauko. Mutane sun fara zama a can daga wajen 870 zuwa 930. Mafi yawansu daga Norwe suka fito, tare da mata da bayi daga Ailan da Sukotlan.

Ba su naɗa sarki ba. A 930 suka kafa babban taron ƙasa da suke kira Altingi. Kowace shekara a tsakiyar bazararsu shugabannin yankuna da talakawansu sukan hallara a wani fili har mako biyu, a yi doka, a yanke shari'a, a ci kasuwa, a ƙulla aure. Da yake ba rubutu, sai suka zaɓi mutum guda mai muƙamin mai faɗin doka. Aikinsa shi ne ya haddace dokokin ƙasa duka, ya tsaya a kan wani dutse ya karanta kashi ɗaya cikin uku kowace shekara, ya sauke cikin shekara uku. Suna da mawaƙa masu tafiya fadar sarakunan Norwe da Ingila suna yabo a ba su kyauta, kamar maroƙanmu. Waƙarsu cike take da zaurance irin na kirari, inda za a kira jirgin ruwa dokin teku.

A shekara ta 999 ko 1000 ƙasar ta kusa rabuwa biyu, tsakanin masu bin allolin gargajiya da waɗanda suka karɓi addinin Kirista. Ɓangarorin biyu sun zo taro da makamai. Maimakon a gwabza, sai suka yarda su miƙa hukunci ga mai faɗin doka na lokacin, Thorgeir, wanda shi kansa mai bin gargajiya ne. Ya lulluɓa da mayafinsa wuni da kwana bai yi magana da kowa ba. Da ya tashi ya gargaɗe su cewa rabuwar doka ita ce ƙarshen zaman lafiya, ya yanke cewa ƙasa ta karɓi sabon addini, tare da sassauci ga masu tsohuwar al'ada. Aka watse ba a zubar da jini ba.

Da ikilisiya ne rubutun boko da makarantu suka shigo. An kafa kujerar bishop ta farko a Skalholt a 1056, ta biyu a Holar a 1106. A lokacin sauran ƙasashen Turai da Latin suke yawancin rubutunsu, amma mutanen Aislan suka zaɓi harshensu na gida. A hunturun 1117 zuwa 1118 suka rubuta dokokinsu. Wani masaninsu a ƙarni na 12 ya zauna ya tsara yadda za a ƙara wa haruffan Latin alamomi domin su dace da sautin harshensu, kamar yadda aka ƙago mana ƙ da ɗ da ɓ masu lanƙwasa.

Tsakanin 1122 da 1133 wani firist mai suna Ari ɗan Thorgils ya rubuta ɗan ƙaramin littafin tarihin ƙasar. Hanyar da ya bi ita ce abin koyi. Duk abin da ya faɗa, yakan ambaci wanda ya gaya masa: malaminsa Teit, da baffansa Thorkel, da wata tsohuwa Thurid da ya shaida da hikima da gaskiya, da dattijo Hall wanda ya goye shi, ya kuma rayu shekara 94, yana tuna ranar da aka yi masa baftisma yana ɗan shekara uku. Domin gane shekaru, Ari yakan jingina abin da ya faru a gida da wani sanannen abu na waje, misali kisan Sarki Edmund a Ingila, wanda ya lissafa a 870. Ya kuma roƙi masu karatu cewa in sun sami abin da ya fi nasa inganci, su bi wannan. Bayansa aka harhaɗa littafin masu saran ƙasa, wanda ya jero magidanta fiye da 400 da suka fara zama, da gonakinsu da zuriyarsu, sunayen mutane sama da 3,000.

A ƙarni na 13 da na 14 ne aka rubuta labaran da ake kira saga, kalmar da ke nufin abin da aka faɗa. Kusan guda 40 daga cikinsu labarin iyalan ƙasar ne, marubutansu kuma ba su sa suna ba. Abin da ke cikinsu ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe: rikicin iyakar gona, dabbobi sun shiga makiyayar wani, rabon gado, baƙar magana tsakanin matan gida biyu, sai a kashe bara, a rama, a biya diyya, a sake ramawa. Mafi shahara ita ce sagar Njal, wadda aka rubuta wajen 1280. Njal masanin doka ne mai son sulhu, amma ramuwar gayya ta bi gidansa har abokan gaba suka kewaye shi da dare suka cinna wuta, ya mutu tare da matarsa da 'ya'yansa. Marubucin ba ya tsayawa ya yi wa'azi. Yakan faɗi abin da kowa ya ce da abin da ya aikata, ya bar mai sauraro ya auna.

Marubucin da aka fi sani da suna shi ne Snorri Sturluson, wanda ya rayu daga 1179 zuwa 1241. Ya rubuta tarihin sarakunan Norwe, ya kuma rubuta littafin Edda domin koya wa matasa ƙa'idojin tsohuwar waƙa. Ko da yake shi Kirista ne, ya adana tatsuniyoyin allolin kakanninsa, domin ya gane in suka ɓace ba mai sake fahimtar waƙoƙin. Rikicin manyan gidaje ya ci shi, aka kashe shi a gidansa a 1241. Wannan rikici ne ya raunana ƙasar har ta miƙa wuya ga sarkin Norwe daga 1262 zuwa 1264.

Shin labaran gaskiya ne? An rubuta su shekara 200 zuwa 300 bayan aukuwar abubuwan, saboda haka akwai ƙari da ado. Amma sagogi biyu sun ce wajen shekara ta 1000 Leif ɗan Erik da mutanensa sun tashi daga Girinlan sun isa wata ƙasa a yamma. Mutane da yawa sun ɗauka tatsuniya ce, sai a 1960 aka gano kangon gidajensu a arewacin tsibirin Newfoundland na Kanada. Binciken da aka buga a 2021 ya nuna an sari itace a wurin a 1021, kusan shekara 470 kafin tafiyar Kolombus. Irin wannan ya faru a Kano, inda masu tonon ƙasa suka sami alamun narka ƙarfe a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, abin da ya dace da labarin cewa akwai mutane a wurin kafin Bagauda.

Ba su da takarda, a kan fatar maraƙi suke rubutu. Babban littafinsu guda, Flateyjarbok, mai ganye 225, ya ci fatar maruƙa 113. Da dare iyali sukan taru a ɗaki guda ana kaɗi da saƙa, mutum ɗaya yana karanta saga da ƙarfi. Da talauci ya tsananta, wasu littattafan suka yayyage, har aka riƙa yanka fatunsu ana wasu ayyuka da su. Wani malami, Arni Magnusson, ya bi gida gida yana tattara ko da guntun ganye ne, ya kai Kofanhagan ta Denmak. Gobarar 1728 ta cinye wani sashe, amma an tsirar da mafi yawan tsofaffin. Bayan Aislan ta zama jamhuriya a 1944 ta nemi a mayar mata da kayanta. Ranar 21 ga Afrilu 1971 jirgin ruwan sojan Denmak ya kawo littattafai biyu na farko, dubban mutane suka fito tarya a bakin teku. Har yau mutanen ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, amma harshensu yana raye, ɗan makaranta kuma yana iya karanta abin da aka rubuta shekara 800 da suka wuce.

Aikin da ya rage mana

Hausa tana da masu magana da ita miliyoyi masu yawa, amma garuruwa da ƙauyuka nawa ne a ƙasar Gumel aka rubuta tarihinsu? Waɗanda suka ga ranar samun 'yancin kai a 1960 da wayonsu, yanzu sun haura saba'in. Ba sai mutum ya je jami'a zai fara wannan aiki ba. Littafin rubutu da biro sun isa, in da waya mai ɗaukar murya kuma, ya fi kyau. Ga shawarwari:

1. Fara da gida. Je wurin kaka ko baffa ko gwaggo da ladabi, ka gaisa, ka nemi izini. Tambayi sunayen kakanni, inda suka fito, da abin da ya taso su.

2. Rubuta sunan wanda ya ba ka labari, da garinsu, da ranar da kuka zauna. Tambaye shi ko ya gani da ido ne, ko ji ya yi, kuma daga wa.

3. Tsofaffi ba sa ƙirga da lamba, da aukuwa suke ƙirgawa. Jingina labarin da abin da aka san shekararsa: yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, komawa tuƙi hannun dama a 1972, canjin kuɗi zuwa naira da babban fari a 1973, ko kafa Jihar Jigawa a 1991.

4. Kada ka tsaya ga mutum ɗaya. Ji daga mata da maza, gidan sarauta da talakawa, manoma da Fulani makiyaya, da fataken kasuwar Maigatari. In maganarsu ta saɓa, rubuta duka biyun, kada ka zaɓi wadda ta yi maka daɗi.

5. Rubuta da kalmomin mai magana. Kada ka goge karin harshensa ko tsohuwar kalmar da ba ka gane ba. Tambayi ma'anarta ka rubuta a gefe.

6. Yi kwafi fiye da ɗaya. Ajiye guda a gida nesa da gara da laima, ka kawo guda ɗakin karatu na makaranta. Haka kuma dattawan ikilisiya su duba tsofaffin rajistocin baftisma da na aure, domin su ma tarihi ne.

Kammalawa

A taƙaice, abin da ya haɗa marubucin Tarihin Kano da Dorugu da Baba ta Karo da Ari na Aislan abu ɗaya ne: an sami wanda ya tuna, aka kuma sami wanda ya zauna ya rubuta kafin lokaci ya ƙure. Da Ari ya yi jinkirin sauraron Hall da Thurid, da shekaru ɗari biyu na farkon ƙasarsu sun dushe. Hutu yana tafe, kowa zai koma gida. Wanda ya dawo da shafi biyar na abin da ya ji daga bakin kakarsa, ya yi wa garinsu aikin da ba wani baƙo da zai yi masa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya ja zamanin dattawanmu, ya ba mu kunnen saurare.